Ko Kun Sani?

Hosradish saiwa ce fara mai yaji, dangin kabeji, wadda asalinta kudu maso gabashin Turai ne da yammacin Asiya. Muddin ba a yanka ta ba, kusan ba ta da wari. Sai an gurza ta sinadaran cikinta ke haɗuwa, su fitar da wani yaji mai hawa hanci yana sa hawaye, saɓanin barkono da ke ƙona harshe.

Wajen haɗa ta a gida, ana feraye saiwar, a gurza ko a markaɗa a inda iska ke shiga, sannan a zuba ruwan khal da gishiri. Khal ɗin ne ke tsayar da yajin: in an zuba shi nan take, sai ta yi sauƙi, in an jira kamar minti 3, sai ta yi ƙarfi. Ana ajiye ta a firji cikin kwalba mai murfi.

A Ingila ana cin ta da gasasshen naman shanu. Wuta na kashe yajinta, shi ya sa ake saka ta bayan an sauke girki. Saiwar zogale ma tana da irin wannan yajin.