Laimar kwaɗi: wadda ake ci da wadda ke kai mutum likita

Ƴan uwana mata, ga malka ta kama. Rumbu ya yi ƙasa, hatsi bai nuna ba, kowacce tana neman abin da za ta ƙara a tukunya. Lokacin ne kuma laimar kwaɗi, wadda wasu ke ce wa naman kaza, take tsirowa dare ɗaya bayan ruwa mai ƙarfi. Mu nan wajen Madarunfa, masu zuwa itace da tsinkar tafasa a dajin Baban Rafi suna cin karo da ita kullum.

Bara ɗiyar maƙwabciyata, ƴar shekara tara, ta tsinko manya guda uku cikin ciyawa bayan turken shanu, ta gasa, suka ci ita da ƙanenta. Kafin la'asar amai da zawo sun kwantar da su. Sai da muka buɗe asusun taimako muka ɗauki jika goma, aka kai su likita a amalanke. Allah ya taƙaita, sun tashi. Da na je wurin na juya wadda ta rage, sai na ga ƙarƙashinta kore-kore, ga zobe a wuyanta. Wannan dafi ce, kome kyanta.

Wadda tsofaffinmu suka sani suna ci ita ce ta suri. Gara ce ke nomanta a cikin gidanta, shi ya sa ba a samunta sai bisa suri ko kusa da shi. Tsakiyar hularta tana da ɗan tsini. Ƙafarta kuma ba ta tsayawa a bakin ƙasa, tana zarcewa can ciki kamar saiwa, siririya, har ta iske gidan gara. Don haka kada ki tsinke daga sama. Ki sa wuƙa ko hauya ki tono ta duka, ki ga gindin. In kin ga gindin ya kumbura yana zaune cikin wata ƴar jaka kamar ɓawon ƙwai, ki yar, ki wanke hannu.

Ga abin da nake yi ni: in cire hular, in kife ta bisa farar takardar kaye, in rufe da kwano ta kwana. Da safe garinta ya zuba. In kore ne, magana ta ƙare. Amma fa in bai yi kore ba, ba shi ne shaidar ta ciwu ba.

Masu cewa wai in akuya ta ci, mutum ma zai ci, ko wai tafarnuwa tana baƙi a tukunya in da dafi, wallahi kada ku biye musu. Wuta ma ba ta kashe dafin wasu. Mafi muni ita ce wadda ba ta nuna kanta da wuri: sai bayan awa 6 ko fiye ciwon ya taso, ya lafa kwana guda kamar an warke, alhali hanta ce take lalacewa. Wanda ya ci abin da ba a tabbatar ba, a kai shi likita nan take, a riƙe ragowar a nuna, kada a tsaya jiƙo.

A ƙungiyarmu mun yanke cewa yaro ba ya gasa kowace iri a daji, sai ya kawo gida. Wadda kuma ta tono ta suri, ta fara kai wa tsohuwar da ta shekara talatin tana cinta, da gindinta da komi, kafin ta ɗora tukunya.