Injin Wankinka Ya Nuna "tE"? Auna Sensa Kafin Ka Sayi Sabon Bod

Injin wanki mai ƙofar gaba ya tsaya tsakiyar aiki, tufafi na jiƙe a ciki, allonsa na walƙiya da haruffa biyu: tE. A injinan LG wannan alamar matsalar sensar zafin ruwa ce. Samsung ma yakan nuna tE ko tC, Indesit kuma F03. Sau da yawa shawarar farko da za a ba ka ita ce a canza bod, wato ƙwaƙwalwar injin, alhali kuɗinsa ya ninka na sensa sau da dama. Kafin ka buɗe aljihu, akwai gwajin da za ka iya yi da kanka.

Da farko, in injinka mai tukunya biyu ne irin wanda ya fi yawa a gidajenmu, ba shi da hita balle sensa, don haka wannan bayani bai shafe shi ba.

Sensar 'yar ƙaramar sanda ce, galibi a soke cikin hitar da ke ƙasan tukunyar wanki. Ana kiranta NTC, kuma ƙa'idarta guda ce: ruwa na ƙara zafi, turjiyarta ga wuta na raguwa. Bod ba ya taɓa ruwa, lamba kawai yake karantawa, kamar yadda manhaja ke aiki da bayanin da aka shigar mata. In lambar ta wuce iyakar da aka tsara, sai ya dakatar da komai. Wayar da ɓera ya ci ko soket ɗin da ya yi tsatsa duk suna iya jawo tE ko da sensar lafiyarta lau.

Ga yadda za ka gwada. Zare filogi daga bango, ka rufe famfo. Buɗe murfin baya, ko na gaba a wasu ƙirar, ka ɗauki hoton wayoyin da wayarka kafin ka cire komai. Zare soket ɗin sensar, ka saita maltimita a kilo-om, ka ɗora bakinta biyu a kan ƙafafun sensar. In ta nuna sifili ko OL, sensar ta mutu. In ta nuna lamba, ka dafa sensar da tsumma mai ɗumi: ya kamata lambar ta riƙa sauka a hankali, ba tsalle.

A nan ne zafin Sakkwato ke ruɗa mutane. Bidiyon YouTube da yawa an ɗauke su a Turai, a ɗakin da bai wuce digiri 20 zuwa 25 ba. Mu kuwa a Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, ga baƙin tanki a saman gini yana shan rana tun safe. Littafin gyaran wasu injinan LG ya nuna kilo-om 39.5 a digiri 30, amma kusan 26 a digiri 40. Ke nan in ka auna da azahar a Mabera ko Arkilla ka ga lambar ta gaza ta bidiyo, ba lallai sensar ta lalace ba. Ka auna da sassafe, ka kwatanta da littafin samfurin injinka.

In sensar ta haye, auna hitar. Mai ƙarfin wat 2,000 takan nuna kusan om 26. Ka duba ko farin ɓawo ya lulluɓe su. Yankinmu na da dutsen farar ƙasa, wanda da shi ake yin siminti a Kalambaina, kuma ruwan burtsatse mai ɗauke da irin wannan sinadari yakan bar ɓawon da ke sa sensa jinkirin jin zafi. Wankin injin ba tufafi da maganin cire ɓawo yana rage shi.

Sai sensa, waya da hita duk sun fita lafiya sannan za a tuhumi bod, wanda hawa da saukar wuta ko janareta maras saiti kan ƙona. A nan ka kira ƙwararre, ka nuna masa lambobin da ka auna. In kuma sensar ce, ka tafi kasuwa da tsohuwar da lambar samfurin injin, domin sensa mai kama da taka amma turjiyarta daban za ta sa ruwa ya wuce zafin da ka zaɓa ko ya kasa kaiwa.