Injin Saƙa Mai Tsayawa In Zare Ya Tsinke

A shekarar 1924 Sakichi Toyoda, mutumin Japan, ya ƙera injin saƙa mai tsayawa da kansa in zare ya tsinke, domin kada aibi ya shiga yadi. Ɗansa Kiichiro ya kafa kamfanin motocin Toyota a 1937, hikimar kuwa ta bi shi can. Aka rataya igiya bisa ma'aikata. Wanda ya ga ɓarna ya ja, fitila ta kama a allo, shugaban aiki ya rugo. Yau kwamfuta ke riƙe da allon, ana tsara shi yadda lebura zai gane da duba ɗaya. In ya gagare shi karantawa, aibi ya isa kanti, hasara ta hau ɗan kasuwa. Allah ya kiyaye, amin.