Kafin Ki Saya Wa Yara Tsirya, Ki San Abin Da Za Ki Ɗauka

Uwargida, wataƙila ke ma yara sun taɓa tasa ki gaba da roƙo bayan sun ga mai tallar tsuntsaye ya wuce da keji: "Mama, a saya mana!" Kafin ki kwance bakin zani, bari mu ɗan tattauna.

Tsirya ita ce ƙaramar 'yar'uwar aku, koriya shar, mai jan baki da dogon bindi. 'Yar ƙasarmu ce, a kogon bishiya take ƙwai, kuma manoman dawa sun san ɓarnarta. Tawa gadonta na yi daga kakata a Gummi shekara 11 da suka wuce. Har yau idan an taɓa ƙofa takan yi sallama da irin muryar tsohuwar. Ranar da na fara jin haka bayan rasuwarta, sai da na zauna na yi kuka.

Abu na farko da mai talla ba zai faɗa miki ba shi ne tsawon ranta. Tsiryar da ta samu kulawa tana iya haura shekara 20. Yaron da ya yi kuka aka saya masa zai gama makaranta, ya yi aure, tsuntsuwa tana nan, kuma ke za a bar wa. A daji cikin garke take rayuwa, shi ya sa idan aka yasar da ita a lungu sai ta yi ta ihu, ko ta dinga tuge gashinta. Tana son keji mai faɗi, da ruwan wanka, da reshen da za ta gaigaya, da mai yi mata hira kullum.

Abinci ba wuya: gero, dawa, gwaba, gwanda, karas da ganyen zogale. Ki kiyaye ta da piya, cakulan, gishiri da gyaɗar da ta yi funfuna. Hayaƙin gawayi da na maganin sauro na kunnawa suna iya kashe ta a ɗakin da ke rufe, don numfashin tsuntsu bai da juriyar namu.

A matsayina na ma'aikaciyar jinya, ga inda na fi so ki nutsu. Akwai cutar da ake ɗauka daga aku da danginsa, ta hanyar shaƙar ƙurar busasshen kashinsu. Tana zuwa da zazzaɓi, ciwon kai da busasshen tari, sai a ɗauka maleriya ce. Tana jin magani idan an gano ta, don haka ki faɗa wa likita cewa akwai tsuntsu a gida. Ki yayyafa ruwa kafin ki share keji, ki wanke hannu da sabulu, kada yara su ba ta abinci da bakinsu. Mai juna biyu ta bar wa wani wannan aikin.

Mu mutanen wannan yanki muna da ƙarin dalili na sa wa tsuntsaye ido. A 2010 ne aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da 'Yargalma, inda ake niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu. Ƙungiyar likitoci ta MSF ce ta fara ankarar da duniya, kuma sai a 2013 aka yi aikin kwashe gurɓatacciyar ƙasa a Bagega. Masu bincike na hukumar CDC ta Amurka sun ji daga bakin mutanen ƙauyukan cewa agwagi sun yi ta mutuwa tun kafin a gane abin da ke kashe yara. Gargaɗi ya zo, ba a fahimce shi ba.

Saboda haka idan tsiryarki, ko kaji da agwagin gidanki, suka fara kasala, ko tangaɗi, ko farfaɗiya babu dalili, musamman in maigida ko wani maƙwabci yana aikin ma'adinai, kada ki tsaya ga binne gawarsu. Ki kai yara asibiti, ki nemi a auna dalma a jininsu. Kayan aikin haƙa da takalma su tsaya a waje, kada a niƙa dutse inda yara ke rarrafe.

Ki kuma tambayi inda aka samo tsuntsun. Yawancin na talla daga gurbi ake ɗebo su suna 'yan tsaki, da yawa ba sa kai wa kasuwa da rai. Aku mai launin toka da jan bindi kuwa, tun 2016 ƙasashen duniya suka amince a hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa.

In kin ga ba za ki iya ba, ki ajiye kaskon ruwa da ɗan gero a tsakar gida, yara su yi kallon masu zuwa da kansu. In kuma kin ɗauka, to amana ce, ki riƙe ta har ƙarshe. Allah Ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya.