Kowace Gona da Takinta

Manomin da ya san ƙasarsa ba ya zuba wa gonakinsa taki da mudu ɗaya. Jigawar da ta gaji tana neman mangala bayan mangala kafin gero ya yi zangarniyar kirki. Gonar bayan gari da shanu suka kwana a cikinta duk rani kuwa, kaɗan ya ishe ta. In aka labta mata buhun yuriya sai kara ya zarce, ganye ya yi shar, iskar farko ta kwantar da shi.

Jikin mai ciki ma haka yake, shi ya sa ranar awo ake ɗora ta a kan sikeli. Ƙa'idar da cibiyar masana lafiya ta Amurka, IOM, ta fitar a 2009 ta duba yadda mace take kafin ta samu cikin. Ramammiya ana so ta ƙara kilo 12.5 zuwa 18, matsakaiciya 11.5 zuwa 16, mai jiki 7 zuwa 11.5, mai ƙiba sosai kuma 5 zuwa 9. Nauyin nan ba duka kitse ba ne. Akwai jaririn kansa, da mabiyiya, da ruwan da yake kwance a ciki, da jinin uwa da ke ƙaruwa kusan da rabi, da tanadin da jiki ke yi wa shayarwa.

Ramammiya, wato jigawar, ita ce ta fi tayar mini da hankali, domin ita ta fi yawa a ƙauyukanmu. Yarinya ga cikin fari, ga daka ga ɗiban ruwa, ita ce ƙarshen zama gaban kwano, sannan a ja mata kunne: "Rage ci, 'yar nan, kada ɗan ya yi girma ya ƙi fita." Da kyakkyawar niyya ake faɗa, amma cutarwa ce. Jaririn da ya zo ƙasa da kilo 2.5 yana wahalar kama nono, sanyi na saurin shigarsa, ciwo kaɗan ya kayar da shi. Uwar da ta je gwiwa da ƙarancin jini kuwa, zubar da wata za ta jure ita tana iya tafiya da ranta.

A birni sau da yawa taki ne ke yawa: lemon kwalba, shayi mai kauri, wai ai abincin mutum biyu take ci. Alhali a watanni ukun farko jiki bai cika neman ƙari ba, daga baya ma kofin fura da nono da ɗan ƙwai ko wake a kan abincin kullum ya kusa wadatarwa. Wuce haka na buɗe ƙofar ciwon suga da hawan jini, jariri ya haura kilo 4, kafaɗa ta maƙale, a ƙare a ɗakin tiyata.

Akwai kuma nauyin da ba na abinci ba. In sikeli ya yi tsalle cikin 'yan kwanaki, fuska da hannuwa suka kumbura har zobe ya ƙi fita, ga ciwon kai da ganin dishi-dishi, to jijjiga ce ke iya biyowa. A ranar za a kai ta asibiti a auna jininta, ba a jiran ranar awo.