Littattafan Ɓarayin Gobe, Da Hannun Minna A Ciki

Daga Wakilinmu Na Arewa, Minna

Jama'armu mazauna Ikko da Badun da sauran garuruwan Kurmi, wanda duk ya taɓa aika kuɗi gida ta waya ya san ɓarawon zamanin nan ba ya haura katanga. Kira ɗaya zai yi, ya ce shi ma'aikacin banki ne, kafin a farga gumin wata shida ya tafi. To, akwai marubutan Afirka da suka ɗauki irin wannan sata suka kai ta shekaru masu zuwa, suna ƙaga labarin yadda ɓarawo da mai farautarsa za su kasance in na'urori sun ƙara gaba.

Wanda ya fi suna cikinsu shi ne Tade Thompson, likita Bayarabe mazaunin Ingila. Littafinsa Rosewater ya fito a 2016, amma labarin a Nijeriyar 2066 yake. Tauraronsa Kaaro tsohon ɓarawo ne mai iya karanta zuciyar mutane. Banki ya ɗauke shi gadi don kada masu irin baiwarsa su kwashe asirin masu ajiya, 'yan leƙen asirin gwamnati kuma suna mora tasa. Littafin ya ci lambar Arthur C. Clarke a 2019.

Mu kuwa wanda ya fi shafarmu shi ne After the Flare na Deji Olukotun, na 2017. Wata wuta ta ɓalle daga rana ta kashe lantarkin manyan ƙasashe, wata 'yar sama jannati ta maƙale a sama, ba mai iya ɗauko ta sai Nijeriya. Ina aka kafa sansanin kumbon? Kusa da Kano! Ga 'yan Boko Haram suna matsowa, ga aiki ana gudun lokaci ya ƙure.

Mai karatu zai ce ina ruwan Minna? Ai jijiyoyin nan biyu, watau labarin laifi da labarin al'ajabi, duk suna da tushe a nan. A Minna aka haifi Cyprian Ekwensi a 1921, mai The Passport of Mallam Ilia na 1960, labarin mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana bin sawun abokin gaba don ramuwa. A nan kuma aka haifi Ben Okri a 1959, wanda labarinsa na ɗan wabi mai ganin iskoki ya ci lambar Booker a 1991. Abubakar Imam ma, mai Ruwan Bagaja, haifaffen Kagara ne cikin Jihar Neja.

Da Hausa ma an taɓa kowace jijiya. Umaru Dembo ya hau da yaro Kilba sararin samaniya cikin Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969. A 1982 Bature Gagare ya fito da Ƙarshen Alewa Ƙasa, cike da bindigogi da miyagun ƙwayoyi, Sulaiman Ibrahim Katsina kuma ya tona 'yan fasa ƙwauri cikin Turmin Danya. Sai dai kowa hanyarsa ya bi daban.

Abin da ya ɗan sosa mini rai, wanda ya ɗaura auren jijiyoyin biyu a kan ƙasar Kano da Turanci ya yi, kuma a Amurka ya tashi. Mai gadi a Apapa, ko mai sayar da albasa a Mile 12, wanda Hausa kaɗai yake karantawa, bai san an harba kumbo daga garinsu ba, balle ya ce an faɗi daidai ko an yi masa ƙage.