Abin da motsin ido ke bayyanawa game da cutar sikizofireniya

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a shekarar 2022 cewa kimanin mutum miliyan 24 ne ke fama da sikizofireniya, ɗaya daga cikin cututtukan taɓin hankali masu tsanani. Alamominta da aka fi sani su ne jin muryoyin da babu mai yin su, da kuma kafewa a kan zaton da ba shi da tushe. Sai dai akwai wani ɓangare nata da ba kasafai ake lura da shi ba, wato raunin tunani. Mai cutar yakan kasa tsayar da hankalinsa wuri guda, ko riƙe saƙon da aka ba shi yanzun nan, ko tsara aiki daki-daki. Wannan rauni ne ya fi hana shi komawa makaranta ko sana'a, kuma masana sun gano cewa ana iya hango shi ta yadda idanunsa ke motsi.

A shekarar 1908 wasu masana biyu a Amurka, Allen Diefendorf da Raymond Dodge, suka ɗauki hoton motsin idon majinyata, suka ga idanun masu wannan cuta ba sa iya bin abu mai lilo sumul. An yi watsi da batun har zuwa 1973, lokacin da Philip Holzman ya sake tabbatar da shi. Daga baya ya gano irin wannan tangarɗa a jikin wasu daga cikin iyaye da 'yan'uwan majinyatan, alhali kuwa lafiyarsu ƙalau, lamarin da ke nuni da cewa gado na da hannu a ciki.

Dalilin wannan alaƙa shi ne, ido ba ya motsi da kansa. Kafin mutum ya bi tsuntsu da kallo, sai ƙwaƙwalwarsa ta auna saurin tsuntsun, ta yi hasashen inda zai kai. Idon mai cutar yakan yi baya, sannan ya yi 'yan tsalle-tsalle don ya cim ma abin da yake bi.

Akwai kuma wani gwaji da ake zaunar da mutum gaban kwamfuta, a ce masa idan haske ya bayyana a dama ya dubi hagu. Ɗabi'ar ido ce ya zabura zuwa ga haske, don haka dole sashen gaba na ƙwaƙwalwa ya tuna umarnin, ya kuma danne zaburar. Masu sikizofireniya sun fi sauran mutane yin kuskure a nan, amma galibi sukan gyara nan take. Ke nan sun fahimci abin da aka ce, ikon tsayar da idon a kan kari ne ya yi rauni. Wannan sashe kuwa shi ne ke kula da tsara aiki da riƙe bayani.

A 2012 masu bincike a Jami'ar Aberdeen da ke Birtaniya sun ba da rahoton cewa haɗakar irin waɗannan gwaje-gwaje ta bambance majinyata da masu lafiya da daidaiton kusan kashi 98 cikin 100. Duk da haka, gwajin ido bai zama hanyar tantance cutar a asibiti ba. Ana samun makamanciyar tangarɗar a wasu cututtukan ƙwaƙwalwa, kuma barasa da wasu magunguna na sauya motsin ido. Har yanzu likita na dogara ne da tattaunawa da majinyaci da iyalansa.

Amfanin wannan ilimi ga iyalai shi ne su san cewa magungunan cutar sukan kwantar da muryoyi da ruɗu, amma tasirinsu a kan raunin tunani kaɗan ne. Don haka wanda ya samu sauƙi, amma yana manta aike ko yana barin aiki a rabi, bai kamata a kira shi rago ko mai taurin kai ba. A riƙa ba shi umarni ɗaya bayan ɗaya, a rage hayaniya a kusa da shi, sannan a faɗa wa likitansa wannan matsala, ko a asibitin ƙwaƙwalwa na Kaduna ne, ko na Kware, ko na Maiduguri, domin akwai atisayen ƙarfafa tunani da ke taimakawa idan aka haɗa shi da magani.